Tuwon Hantsi

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Baffa, yayan mahaifinmu, ya riga mu tafiya a daminar da ta wuce, ranar wata Talata, lokacin da gero ya fara fitar da kai.

A zaman makoki duk wanda ya zo, in ya yi addu'a ya shafa, sai ya karkata ya tambayi na kusa da shi, "Wai me ya same shi ne?" Ban ji an ba mutum biyu amsa iri ɗaya ba. Limamin garinmu ya gaya wa baƙin da suka zo daga Kiyawa cewa ciwon ƙirji ne. Wani abokin nomansa ya ce shanyewar jiki ce, amma irin wadda take tafiya ta dawo. Surukinsa ya ce ƙari ne. Wani ya ce, "Ashe daji ne." Surukin ya ce a'a, likita ta ce ba daji ba ne, ƙari ne marar cutarwa. Wani tsoho da ke jan carbi a gefe ya ɗago kai ya ce, "Marar cutarwa? To mu kuma zaman me muke yi a nan?"

Daga nan sai a nuno ni, tunda ni na yi ta kai shi asibiti, takardunsa ma suna wurina. Ni kuwa in na buɗe baki sai in ji maganar ta watse. Abin da na iya faɗa shi ne kwana ya ƙare.

A cikin gida, wajen mata, ba a yi tambayar da baki ba. Kallo aka yi ta yi. Ana kallon Inna, mahaifiyata, tana zaune a ƙofar ɗakin Iya, matar marigayin, da wani baƙin akushi a cinyarta. Ba komai a cikinsa sai goro ɗaya. An nemi ta bayar a zuba gumbar sadaka, ta hana. Matan da suka shekara biyu ba sa shan ruwan randarta suka riƙa zuwa suna durƙusawa gabanta, suna yi mata gaisuwa kamar ita ce mai takaba.

Ina so a tuna da Baffa, kuma ban san yadda zan ba da labarinsa ba tare da akushin nan ba.

Manomi ne, a wani ƙauye da ke gefen Aujara. Gero, dawa, gyaɗa, ɗan riɗi, da bishiyar dabino biyu a bayan gida. In ba ya gona, za ka same shi a ƙofar zaure yana tufkar igiya, ya ɗaure bakinta a babban yatsan ƙafarsa. Rabin awakin garinmu da igiyarsa ake ɗaure su, kuma ban taɓa ganin ya sayar ba. In mutum ya zo masa a fusace da rigimar iyakar gona, sai ya miƙa masa bakin igiya ya ce, "Riƙe mini nan tukuna." Kafin a gama tufka, rabin fushin ya tafi. Yakan ce, "In ba ka gane ba, zauna. Ƙafa ba ta fahimtar komai."

Abin da aka fi saninsa da shi, wanda kuma ya fi gajiyar da mutane, shi ne ba ya iya rufe gaskiya ko da ƙarama ce. In ka ce masa ina kwana alhali bai yi barci ba, ba zai ce lafiya lau ba, sai dai ya ce, "Mun dai ga safiya." Baba, mahaifina, ya sha ba mu labarin ranar da suka kai akuya kasuwa. Mai saye ya taya, an kusa sallamawa, sai Baffa ya ce, "Amma fa tana cin tufafi, kuma ta taɓa ɓari." Mutumin ya saki igiya ya wuce. Baba ya ce, "Yaya, kasuwa muka zo ko wa'azi?" Baffa ya ce, "Auta, in na ɓoye masa yau, akuyar za ta gaya masa gobe."

Shi ya riƙe Baba bayan rasuwar kakanmu, shi ya nema masa auren Inna. Don haka a wurin Inna ba wan miji ba ne kawai, suruki ne. Shekara arba'in suna gida ɗaya ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. Da safe ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon katanga. Iyakar maganarsu ke nan ta baki.

Sauran maganar a akushi take. A gidanmu maza ciyayya suke yi a zaure bayan magariba, kowace mace ta aiko da nata. Baffa da akushin Inna yake farawa, kuma ba ya barin ko loma. In miya ta yi masa daɗi, akushin zai dawo da goro ɗaya a ciki. In gishiri ya zarce, zai dawo wayam ba goro, sai Inna ta leƙa ta ce, "Yau Yaya ya yi shiru." Shekarar da ƙanwata ta rasu tana jaririya a goye, Inna ta yi kwanaki ba ta ɗora tukunya ba. Ranar da ta daure ta tuƙa ta aika, akushin ya dawo cike da dabino har baki. Ta'aziyyarsa ke nan. Ta gane, ta zauna ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

Shekara uku kafin rasuwarsa aka raba gandu. Yayyena sun girma, sun yi iyali, suna so su noma nasu. Baba ya yi wata guda yana kewaya maganar, har Baffa ya ce masa, "Auta, tun watan jiya kake tauna abin nan. Ka haɗiye ko ka tofar." Aka raba ba tare da tashin murya ba. Baffa da hannunsa ya dasa gamba a kan iyaka. Da ya gama ya karkaɗe hannu ya ce, "Gona aka raba, ba akushi ba."

Bayan kaka ta shekarar ya daina fitowa zaure cin abinci. Ya ce a riƙa kai masa ɗaki. Sai kuma akushin Inna ya fara dawowa yadda aka kai shi, ko yatsa ba a sa ba.

Da a ce kwance yake, da kowa ya ce ciwo ne. Amma da safe mutum ne sosai. Ya sha koko, ya ci ɗumamen Iya, ya ɗauki fartanya, ya gaisa da kowa da muryarsa ta da. Sai la'asar ta yi, Baba ya je gaishe shi, ya tarar ido ɗaya a rufe, ɗayan a kanne, magana guntu-guntu ta hanci kamar ana tilasta masa. Baba ya dawo ya ce, "Da safe ɗan'uwana ne. Da yamma ko ido biyu ba ya iya ba ni." Muka ce fushin rabon gandu ne ya fito a makare.

Inna ta canza miya. Ta yi miyar kuka, ta yi kuɓewa, ta yi taushe. Ta sa aka yanka kazarta mai ƙwai. Akushin ya dawo da cinyar kaza a kwance a kan tuwo. Ba ta da bakin tambayarsa, shi ma ba shi da bakin yi mata bayani. A wajen injin niƙa aka fara cewa babba ba ya ƙin abinci a banza, ya ga wani abu ne. Daga baya aka kira abin da sunansa, aka ce sammu. Aka ce an raba gona, yanzu ana so a haɗe ta ta wata hanyar. Mata suka daina aikowa neman gishiri ko daddawa a wurinta. Wata rana ta wanke akushin, ta kife shi a ƙarƙashin gado, ta ce wa Baba, "Ba zan ci gaba da aika abin da ake tsoro ba."

Ni kafinta ne a Takur, cikin Dutse, ba kullum nake gida ba. Da na je babbar salla na shiga gaishe shi bayan la'asar ba tare da na jira an amsa sallama ba. Na same shi yana kurɓar fura, tana dawowa ta hancinsa, haɓarsa ta saki, yana tallafe ta da hannu. Ya juya fuska ga bango.

Ya ce, "Ba ka ga komai ba."

Na ce, "Na gani, Baffa."

Ya ce, "To, ka gani."

Sau biyu na kai shi asibiti a Dutse, kuma sau biyun na yi kuskuren da duk mai hankali zai yi: muka yi sammako don mu kama layi. Aka ga tsoho garau, yana ba da amsa da ƙarfi. Aka ce ɗan hawan jini ne da tsufa. A karo na uku motar da ta ɗauko shi ta lalace a hanya, ba mu shiga wurin likita ba sai bayan la'asar. Wata matashiya ce. Tun kafin ya zauna take kallon idonsa. Ta ce ya kalli sama ya tsaya. Fatar idon ta riƙa saukowa a hankali. Ta ce ya ƙirga da ƙarfi. Kafin ya kai talatin muryar ta koma hanci, ta dushe. Sai ta sa aka kawo ƙanƙara a leda, ta ɗora masa a kan idon.

Baffa ya ce, da ɗan abin da ya rage na murya, "'Yar nan, zoɓo kika mai da ni?"

Ta yi dariya. Da ta ɗauke ƙanƙarar, idon ya buɗe tar, ya kalle ni da ido biyu da yamma, abin da ban gani ba shekara biyu. Bayan ɗan lokaci ya sake rufewa. Har yau ban gane abin da na gani ba.

Aka tura mu Kano aka ɗauki hoton ƙirji, muka dawo mata da shi. Ta nuna mana wani ɗan farin abu a bayan ƙashin ƙirji, bai fi ƙwallon goriba ba. Ta ce ƙari ne, irin wanda ba kasafai ake gani ba.

Baffa ya ce, "Mugu ne?"

"Bisa abin da muke gani, Baba, ba irin mai yaɗuwa ba ne."

"To me ya haɗa shi faɗa da ni?"

"Ba shi yake faɗa da kai ba. Garkuwar jikinka ce, wadda aikinta korar cuta, ta juyo tana tare saƙo tsakanin jijiya da tsoka. In ka huta saƙon yakan wuce, shi ya sa da safe kake da ƙarfi. In ka gaji sai ya kasa. Akan ga wannan ciwon tare da irin wannan ƙarin a jikin wasu mutane. Muna zaton shi ne yake ruɗa ta."

"Zato."

"Zato mai ƙarfi. Amma akwai masu ciwon da ba su da ƙarin, akwai masu ƙarin da ba su da ciwon."

"In an cire fa?"

"Wasu sukan sami sauƙi, wasu ba sa samu. Kuma a shekarunka buɗe ƙirji ba ƙaramin abu ba ne."

Baffa ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Wato baƙo ya sauka, bai zagi kowa ba, amma tun da ya zo 'yan gida suke dukan juna."

Ta ce, "Kusan haka."

Ya ce, "A bar shi. Ba a korar baƙon da ba a kama shi da laifi ba."

Ta ba shi ƙwayoyin da ke ara masa ƙarfi na 'yan sa'o'i. Ta ja kunnenmu: abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan, a lokacin da yake da ƙarfi. In ya fara shaƙewa ya dakata, kada ya tilasta, don abinci na iya bin hanyar numfashi.

Ya kwana a wurina a Takur. Da safe, yana shan koko, na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba.

Ya ce, "In ce me? In ce babban gida ya koma zubar da yawu kamar jariri? Kuma kullum in na tashi da safe sai in ji na warke. Sai in ce yau zan ci."

"To da ka bar Iya ta juye, ta mayar da akushin wayam."

"Ita ma ta ce haka. In ya koma wayam, na ce na ci ke nan. Ban ci ba."

Na je gida na zaunar da Baba da Inna. Baba ya karɓi maganar tun kafin in gama, ya tashi ya nufi ɗakin yayansa yana share ido da hularsa. Inna kuwa ta tsare ni.

"Ƙarin ne ya hana shi cin tuwona?"

"An ce ba ƙarin ba ne kai tsaye. Jikinsa ne."

"Jikinsa ne ya ƙi tuwona, ya karɓi ɗumamen Iya?"

"Ɗumame da safe ne, Inna."

"Ciwo ne mai agogo?"

"Kusan haka."

"Kuma ƙarin ba mugu ba ne."

"Haka aka ce."

Ta ce, "Kai ma ba ka gane ba." Ta ci gaba da tsince wakenta. Akushin ya ci gaba da zama a ƙarƙashin gado.

Bayan mako guda Iya ta shigo da hantsi, da goro ɗaya a kan faifai. Ta ce, "Wai a ba ki."

Inna ta ce, "Na me? Ban aika komai ba."

"Shi ma ya san ba ki aika ba. Ya dai ce in kawo yanzu-yanzu, kada in bari rana ta take."

Inna ta daɗe tana kallon goron. Washegari, ana idar da asuba, aka ji tana hura wuta. A garinmu ba mai tuƙa sabon tuwo da safe. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Lafiya? Ko agogonku ne ya juye?" Inna ta ci gaba da tuƙi. Ta yi tuwo mai laushi da miyar kuɓewa mai yauƙi, ta aika da hantsi.

Akushin ya dawo da rabi. Inna ta leƙa ta ce, "Rabi kuma me ke nan?" Shekara arba'in ta san ma'anar wayam, ta san ma'anar goro, ta koyi ma'anar cike da wahala. Rabi ba ta san shi ba. Haka aka yi watanni: yau rabi, gobe loma huɗu, jibi fiye da rabi. Bayanin likita kuwa bai yi tafiya a gari ba, don ba mai iya maimaita shi daidai. Aka ce yana taɓawa ne don kunya, sauran kuma ya san abin da ya sa yake bari.

Baffa bai san an kai ga kiran sammu ba. Ba wanda ya iya gaya masa. Iya ce ta faɗa masa cikin ɓacin rai, ranar da ya sake hana ta juye sauran. Ta ce, "Gaskiyar taka ta sa an mai da matar ƙaninka mayya, kai kana nan kana auna loma."

Ba na nan a ranar Juma'ar da ta biyo baya, Baba ne ya ba ni labari. Da hantsi Baffa ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar zaure, inda kowa ke wucewa. Ya sa aka kawo akushin nan gabansa. Mutumin da ya shekara uku yana ɓoye bakinsa daga ƙaninsa ya zauna a bainar jama'a yana ci. Farkon ya tafi daidai. Daga rabi haɓa ta fara saki, ya tallafe ta da hagu, yana ci da dama. Ya shaƙe, ya yi tari har hawaye, ya huta, ya ci gaba. Miya tana zubo masa a gemu. Mutane suka tsaya, wasu suka sunkuyar da kai. Baba ya durƙusa ya ce, "Yaya, don Allah ya isa." Baffa ya ɗaga masa hannu. Sai da aka fara haramar tafiya masallaci ya kai lomar ƙarshe. Ya suɗe akushin da yatsa, ya karkata shi kowa ya ga cikinsa, ya laluba aljihu ya jefa goro. Muryar ta riga ta tafi.

Ranar Lahadi zazzaɓi da tari suka kama shi. Muka kawo shi Dutse. Likitar nan ta saurari ƙirjinsa, ta ja ni gefe ta ce, "Ya shaƙe da abinci kwanan nan?" Na ce e. Na tambaye ta ko shi ne. Ta ce zai iya yiwuwa abinci ya shiga huhu, zai kuma iya yiwuwa ciwon ƙirji ne irin na damina, kuma ga mai wannan lalura ko wanne ya isa ya kayar da numfashi. Ta ce, "Ba zan iya rantse maka ba." Ranar Talata numfashin ya tsaya.

To ga inda nake. An ce ƙarin ba shi da laifi, ko kuma yana da shi. An ce jikinsa ne ya yaƙe shi, ba a san dalili ba. An zargi Inna da kashe shi da tuwo, ƙarya ne, ya wanke ta a gaban gari da tuwon, kuma wataƙila tuwon ne. Ina zaune kamar yadda ya ce a yi in ba a gane ba. Inna ba ta karatun boko. Wanda ya karanta wannan ya gane mu, ina roƙonsa ya bar shi a cikinsa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya sa gaskiyarsa ta tsaya masa, ya ciyar da shi a inda ba a shaƙewa.

Ranar bakwai, da jama'a suka ragu, Inna ta kira ni ɗakinta. Goron ya bushe, ya yi baƙi, yana nan a cikin akushin.

Ta ce, "Kai da takardu ke hannunka, ƙarin ne?"

Na ce, "An ce wataƙila."

"Ko jikin nasa?"

"Shi ma an ce wataƙila."

Ta jira ko akwai saura. Da Baffa ne, da ya faɗi na ukun. Ni na kalli ƙasa.

Ta juya goron da yatsa. Ta ce, "Amma dai ya cinye."

Na ce, "Ya cinye, Inna."

"Tas?"

"Tas."